Na bi sawun Yarima mai riƙon ƙwarya

Juma'ar farko da na yi a Landan, ɗan ƙanwata ya kai ni babban masallacin da ke gefen wani makeken lambu da ake kira Regent's Park. Da aka sallame ya ce tunda rana ta ɗan leƙo, mu taka da ƙafa. Muka ratsa lambun, muka wuce wata tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa mai wannan sunan, muka miƙe wani faffaɗan titi har muka faɗa wani mai lanƙwasa kamar lauje, shaguna dama da hagu. Na ɗaga kai na ga allo, nan ma Regent. Na ce masa, "Kai, wane ne wannan Regent ɗin da ya mallake rabin gari?"

Ya yi dariya. "Kawu, ai muƙami ne. Mai riƙon ƙwarya ke nan. Uban ne ya samu taɓin hankali, aka ba ɗan riƙo."

Ni yadi nake sayarwa, ban yi nisa a karatun tarihi ba, amma maganar riƙo na san ta. Na taɓa barin shago a hannun yaro na tafi aikin Hajji, kuma na san abin da na tarar da na dawo. Shi ya sa maganar ta tsaya mini a rai. Kwana goman da suka rage mini a ƙasar, rabinsu a bin sawun mutumin nan suka tafi, yaron yana karanta mini abin da ya fi ƙarfin Turancina.

Sarki George na Uku ya yi shekara hamsin a kan gado lokacin da autarsa Amelia ta rasu a ƙarshen 1810. Ciwon da ya taɓa kama shi a 1788 ya dawo, wannan karon bai sake shi ba. A watan Fabrairun 1811 majalisa ta yi doka ta miƙa ikon sarauta ga babban ɗansa, shi ma George, yana da shekara 48. Tsohon aka killace shi a fadar Windsor, ido ya tafi, daga baya kunne ma ya tafi, gemu ya yi fari fat, yana hira da waɗanda suka daɗe da mutuwa. Matarsa ta rasu a 1818 bai san ta rasu ba. Sai a Janairun 1820 rai ya yi halinsa. Shekara tara ke nan ƙasa tana da sarki a kulle a ɗaki, ɗansa yana sa hannu a madadinsa.

Wata huɗu da karɓar riƙo, Yarima ya haɗa liyafa a gidansa, Carlton House, baƙi kusan dubu biyu. A tsakiyar dogon teburin cin abinci aka yi wata 'yar ƙorama ta gaske, ruwa na gudu, kifaye na iyo a tsakanin kwanuka. Uba yana can a kulle. Ana bikin duniya ake na ƙiyama.

Na ce a kai ni gidan in gani. Muka gangara har ƙarshen titin, muka tarar da fili da matakala da wata doguwar hasumiya. Babu gida. Titin nan gaba ɗaya, maginin Yarima, John Nash, ya yanka shi ne don ya haɗa ƙofar Carlton House da lambun da muka baro. Titi bai daɗe da kammaluwa ba mai gidan ya ce ya gaji da gidan, aka rushe shi, aka koma zuba kuɗi a fadar Buckingham. Gine-ginen Nash na kan titin su ma kusan duk an sake su a farkon ƙarni na ashirin, in ban da wata coci mai tsinin kai da ke can sama.

Inda na fi daɗewa a ranar shi ne titin Jermyn, layin masu ɗinkin taguwa. Nan sana'ata ta motsa. Na shiga shago uku ina murza yadi tsakanin yatsu, ina tambayar kuɗi, ina fitowa da salati. A bakin wani lungu akwai gunkin wani mutum siriri da sanda a hannu, Beau Brummell, abokin Yarima. Kafin shi manyan Ingila ado suke kamar ɗawisu, siliki mai launi, zaren zinariya, hoda a gashi. Shi ya ce a bar duk wannan: kwat mai duhu wadda ta zauna daidai jiki, farar taguwa tas, ƙyallen wuya da aka sa wa sitaci, wanka kullum. Kwat ɗin da ma'aikacin banki yake fama da ita cikin zafin Kano, asalinta yana komawa kan wannan mutumin. Abotarsu ta watse. Ana ba da labarin cewa a wani taro Yarima ya gaisa da kowa ya share shi, shi kuma ya juya ya tambayi na kusa da shi, da ƙarfi yadda kowa zai ji, wai wane ne wannan abokin naka mai ƙiba. A 1816 bashin caca ya kore shi zuwa Faransa, can ya mutu a 1840 cikin talauci, hankali ya gushe.

Ƙibar kuwa gaskiya ce. Ƙugun Yarima ya kai inci hamsin, kuma duk tela ya san abin da wannan yake nufi. Amma faɗarta tana da tsada. Wani ɗan jarida, Leigh Hunt, ya rubuta cewa mutum ne mai teɓa ɗan shekara hamsin, mai saɓa alkawari, wanda bashi ya yi wa katutu. Aka ɗaure shi shekara biyu a 1813, shi da ɗan'uwansa, aka ci kowannensu tarar fam 500. A dandalin Trafalgar na ga gunkin Yarima a kan doki, siriri da shi, ba sirdi ba likkafa. Bai taɓa zuwa fagen daga ba, amma an ce da tsufa ya kama shi yakan ba da labarin yadda ya jagoranci dawakai a yaƙi, a gaban Wellington wanda ya karya Napoleon a Waterloo a 1815. Inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa.

Ranar Talata muka hau jirgin ƙasa daga tashar Victoria zuwa Brighton, tafiyar kamar awa ɗaya zuwa bakin teku. Daga tasha gangara ce, iska mai gishiri tana dukan fuska. Muka sayi soyayyen kifi da dankali muka zauna a gaɓa, wadda duk tsakuwa ce, ba yashi ko kaɗan. Ban kai loma ta uku ba wani farin tsuntsun teku ya sauko ta bayan kafaɗata ya fizge rabin kifin. Shirwar garinmu ma tana jin kunyar babba, wannan ko a jikinsa. Ɗan ƙanwata ya yi ta dariya har da tari.

Muna juyowa cikin gari sai na hango ƙubbobi. Wata babba a tsakiya kamar albasa, ƙanana a gefe, hasumiyoyi sirara suna tsaye a tsakaninsu, ga baka-baka masu ado irin na masallatan Indiya da muke gani a kalanda. Na duba agogo na ce, "Alhamdu lillahi, ga masallaci, ma yi azahar a nan."

"Kawu, gidan shaƙatawar mutuminka ne. Wasu daga cikin hasumiyoyin ma bututun hayaƙi ne."

Royal Pavilion ke nan. Yarima ya fara zuwa garin a 1783, lokacin da likitoci suke tura masu kuɗi wanka da ruwan teku, har da shansa, wai magani ne. Ya kama wani ɗan gida, a 1787 aka faɗaɗa shi, sannan daga 1815 Nash ya lulluɓe shi da ƙarafa ya ɗora masa waɗannan ƙubbobin, aiki bai ƙare ba sai wajen 1823. Daga mai gidan har maginin babu wanda ya taɓa taka Indiya. A littattafan zane suka gan ta.

Waje Indiya, ciki kuma Sin, ita ma ta cikin littafi. Doguwar barandar farko bangonta ruwan hoda ne, an zana itatuwa da tsuntsaye da shuɗi. A ƙarshenta akwai matakala da na rantse da gora aka yi ta. Na kai hannu na ji sanyi: baƙin ƙarfe ne aka zuba, aka yi masa gaɓoɓi, aka shafa fenti. Shekara talatin ina rarrabe shadda ta gaske da jabu, sai ga bene ya yaudare ni. Daga nan na fara lura cewa kusan komai a gidan kwaikwayon wani abu yake yi. Amma fa kwaikwayo ne na gwanaye, dole in faɗi gaskiya. Na shiga da niyyar kushewa, na fito ɗakin cin abinci baki buɗe.

A ɗakin nan rufi ya yi sama kamar ba zai ƙare ba. A can ƙololuwa an yi ganyayen ayaba manya-manya, daga cikinsu wani dodo mai fukafukai, kalar azurfa, ya leƙo ya riƙe fitila da faratansa. Tsawon fitilar mita tara, nauyinta tan guda. A jikinta wasu ƙananan dodanni shida sun ɗaga kai, kowanne da fitila mai siffar furen bado a bakinsa. Na matsa gefe, don ban ga dalilin da zai sa in tsaya ƙarƙashin tan guda da aka ƙera tun shekara ɗari biyu ba. An ce baƙin Yarima ma wasunsu haka suke ji. Ɗakin kiɗa shi kuma ja da zinariya ne, macizai sun nannaɗe ginshiƙai, cikin ƙubbar an jera dubban ɓawon kifi na ado da aka shafa wa ruwan zinariya. Ɗakin ya sha wuya: wani ya cinna masa wuta a 1975, ana gama gyara guguwar 1987 ta tumɓuko wani dunƙulen dutse daga kan hasumiya ya fasa rufin ya nutse cikin sabuwar darduma.

Madafar ce ta fi ba ni labari. Faɗinta ya kai wani masallacin unguwa. Ginshiƙai huɗu na ƙarfe suna riƙe da rufi, an yi musu ganyen tagulla a ka su zama kamar bishiyar dabino. Tukwanen jan ƙarfe ɗaruruwa a jere suna ƙyalli. Tsinken gasa nama da kansa yake juyawa, zafin da ke hawa bututun hayaƙi ne yake tura shi. Akwai teburin da tururi yake ɗumamawa don kada abinci ya huce. Yarima yana alfahari da wurin har yakan zagaya da baƙi su gani. An ajiye jerin abincin wata liyafa da aka yi wa Nicholas, ƙanen sarkin Rasha, a Janairun 1817, wadda wani shahararren kuku Bafaranshe, Carême, ya dafa. Kala fiye da ɗari a zama ɗaya. Na sa yaron ya fara karanto mini, muka gaji tun ba mu fita daga miya da kifi ba.

Shekarar da ta gabaci wannan liyafar ita ce Turawa suke kira shekarar da ba ta da bazara. Wani dutse mai aman wuta, Tambora, ya fashe a can Indunusiya a 1815, ƙurarsa ta tare rana, 1816 ta zo da sanyi da ruwa ba ƙaƙƙautawa, amfanin gona ya lalace. Ga sojoji da aka sallama bayan yaƙi sun cika gari ba aiki. Ga dokar hatsi ta 1815 da ta hana shigo da alkamar waje sai farashin ta gida ya yi tsada sosai, don masu gonaki, waɗanda su ne a majalisa, kada su yi asara. Kafin watan liyafar ya ƙare, Yarima yana dawowa daga buɗe majalisa jama'a suka yi wa keken dokinsa ihu, aka fasa gilashin tagarsa. Gwamnati ta amsa da dakatar da dokar da ta hana tsare mutum ba tare da shari'a ba.

Zancen iyalinsa ba daɗin ji, zan taƙaita. Ya auri wata bazawara 'yar Katolika, Maria Fitzherbert, a ɓoye a 1785, auren da doka ba ta yarda da shi ba. A 1795 bashinsa ya haura fam 600,000, ya yarda ya auri 'yar gwaggonsa Caroline don majalisa ta taimaka a biya. Ba su ko shekara cikin daɗi ba. Ranar naɗinsa a 1821 ta zo aka rufe mata ƙofa. 'Ya ɗaya suka haifa, Charlotte, ita ce jama'a suka ɗora wa buri, sai ta rasu wajen haihuwa a Nuwamban 1817 tana da shekara 21, jaririn ma bai zo da rai ba. Abin da ya tsaya mini a nan shi ne baƙin yadi ya ƙare ƙaf a shaguna saboda makoki. Na yi ta tunanin 'yan kasuwar da suke da shi a ajiye a makon nan. Ƙannen Yarima, tsofaffi da su, suka bazama neman aure don a samu magaji, a haka aka haifi Victoria, wadda daga baya ta zama sarauniya, a 1819.

A jirgi da muna komawa na tuna cewa 1817 ɗin nan ita ce shekarar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu a Sakkwato. Da na faɗa, yaron ya ce ai akwai abin da ya haɗa su. A 1824 Bature Clapperton ya isa Sakkwato ta Kano, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba shi wasiƙa ya kai wa sarkin Ingila, ana maganar ciniki da turo wakili da likita. Sarkin da aka rubuta wa, wannan George ɗin ne dai, lokacin ya zama na Huɗu. Na yi shiru ina ƙoƙarin haɗa hoton mutanen biyu a kaina, mai rubuta littattafai a ribaɗi da mai fitilar dodo, abin ya ƙi haɗuwa.

Na tsallake wani abu. Gidan da aka kashe wa wannan dukiya, mai shi bai more shi ba. Ƙiba da ciwon gaɓoɓi sun sa aka sauko masa da ɗakin kwana ƙasa, har aka haƙa masa hanya ta ƙarƙashin ƙasa zuwa bargar dawakansa. Zuwansa na ƙarshe 1827. Victoria ba ta son wurin, ta ce mutane sun cika leƙe, ta kwashe kayan ciki, a 1850 aka sayar wa hukumar garin a kan fam 53,000. A bene akwai wani ɗan ɗaki da hotunan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Daga ƙarshen 1914 zuwa farkon 1916 an mai da gidan asibitin sojojin Indiya da suka ji rauni a Faransa. Ga su nan a hoto, rawuna a ka, gadaje a jere ƙarƙashin fitilar dodon nan. An raba musu madafa saboda addini, Musulminsu kuma aka kafa musu tanti a filin ciyawar gabas suna salla. Da na ji haka na ce to ai magana ta ƙare. Muka fita filin, na shimfiɗa rigar sanyina a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, yaron ya duba alƙibla a waya, muka haɗa azahar da la'asar. Wata tsohuwa da karenta ta ja linzami ta zagaye mu ta baya.

Manchester ban je don Yarima ba. 'Yar yayana ce take aikin jinya a can, ta ce in na koma gida ban zo ba ba za ta yafe ba. Awa biyu da 'yan mintoci daga tashar Euston. Amma garin yana da wani matsayi a wurina, domin kakana masaƙi ne, kuma yadin da ya sa mahaifina ya jingine masaƙa ya koma saye da sayarwa, daga irin waɗannan garuruwan aka fara kawo shi. Ban taɓa kawowa a raina cewa injin ya fara cin masaƙan gida kafin ya ƙetaro ya ci namu ba. Masaƙin hannu a yankin nan da yake samun sule 15 a mako a 1803, zuwa 1818 ya koma sule biyar. Tun 1811 wasu a Nottingham suka fara bin dare suna farfasa injuna. Majalisa ta mai da fasa inji laifin kisa a 1812, a Janairun 1813 aka rataye mutum 17 a York.

Na tambaye ta inda ake kira Peterloo. Ta ce ba ta sani ba. Da muka duba a waya ta riƙe baki. "Baffa, ai nan nake bi in na shigo gari. Na zaci wurin zama ne kawai."

Wasu matakala ne na dutse masu zagaye, ɗaya kan ɗaya kamar faifai, a gaban wata tsohuwar tashar jirgi da aka mayar zauren taro. An gina su a 2019. Shekara ɗari biyu kafin nan wurin fili ne, St Peter's Field. Ranar Litinin 16 ga Agusta 1819 mutane kusan 60,000 suka taru, yawancinsu masaƙa da masu kaɗi, sun tako da ƙafa daga Oldham da Middleton da Rochdale da Stockport, sanye da kayansu na zuwa coci, mata da yawa cikin fararen riguna, wasu da 'ya'yansu. An ce kowa ya bar sanda a gida. Abin da suke nema wakilci ne. Manchester da duk yawanta ba ta da ɗan majalisa nata ko ɗaya, alhali wani kufai da ake kira Old Sarum, inda ba kowa sai ciyawa, yana tura biyu. Mai jawabi, Henry Hunt, bai yi nisa ba mahukuntan gari suka turo mahaya su kama shi. Mahayan farko 'yan sa-kai ne na garin, 'yan kasuwa da masu shaguna, irina ke nan, aka ba su doki da takobi. Suka kutsa cikin taro suna sara, sojoji suka biyo baya. Cikin kamar minti goma fili ya watse, sai takalma da huluna da waɗanda ba su iya tashi ba. Ɗaruruwa sun ji rauni. Wata jarida ta haɗa sunan filin da Waterloo ta ce Peterloo, don cikin waɗanda suka mutu har da John Lees na Oldham, wanda ya yi yaƙin Waterloo ya dawo da ransa.

Yarima yana hutawa a jirgin ruwansa a gaɓar kudu lokacin da labari ya same shi. Ya sa aka aika wa mahukuntan Manchester saƙon godiya bisa yadda suka kiyaye zaman lafiya. Hunt aka ɗaure. Kafin shekara ta ƙare aka yi sababbin dokoki shida na taƙaita taro da jaridu.

Yayyafi ya fara. Wasu yara biyu suna tsalle daga matakala zuwa matakala, uwarsu tana waya. An sassaƙa sunayen garuruwa da na mamatan a jikin dutsen, sai ka sunkuya kake gani. Gwiwata ba ta son sunkuyo, don haka 'yar yayana ta tsuguna tana karantowa ina ƙirgawa da yatsu. Ta zo kan William Fildes ta tsaya, ta sa hannu ta share ruwan da ya kwanta a kan rubutun.

"Baffa, wannan shekararsa biyu."

Doki ne ya banke uwarsa yana hannunta, a kan hanya, tun mahayan ba su kai filin ba. Muka ci gaba har muka kai goma sha takwas. Ta miƙe ta kakkaɓe gwiwa, ta buɗe lema ta riƙa mini, muka nufi tashar taragon cikin gari, don ta bar miya a kan wuta ƙasa-ƙasa kuma tana da aikin dare.